Please Mr. Postman: Waƙar 'yan makaranta da ta ɗaga kamfanin Motown

A ranar 11 ga watan Disamba na shekarar 1961, waƙar nan mai suna Please Mr. Postman ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin mujallar Billboard na waƙoƙi ɗari da suka fi kasuwa a Amurka.

Waɗanda suka rera ta wasu 'yan mata ne baƙar fata su biyar da ake kira The Marvelettes, daga wani ƙaramin gari mai suna Inkster a jihar Michigan. Yawancinsu ba su gama makarantar sakandare ba a lokacin.

Wannan shi ne karo na farko da kamfanin faya-fayai na Motown, mallakar wani baƙar fata mai suna Berry Gordy, ya kai ga wannan matsayi. Mako ɗaya kacal waƙar ta yi a saman jadawalin, amma makon nan ya buɗe wa kamfanin ƙofar da ya shiga har ya zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin baƙaƙen fata a ƙasar.

Sai dai kuma tarihin waƙar ya nuna cewa jadawali yana ƙidaya cinikin faifai da yawan saka waƙa a rediyo ne kawai, ba ya nuna rabon da ya isa hannun mai waƙa.

Abin da waƙar ta ƙunsa

Jigon waƙar mai sauƙi ne. Wata yarinya ce ke tsare ma'aikacin gidan waya mai raba wasiƙu, tana roƙonsa ya dakata ya sake duba jakarsa, ko da akwai wasiƙa daga saurayinta wanda ya yi nisa, kuma ta daɗe ba ta ji ɗuriyarsa ba.

A zamanin da babu wayar salula, wannan zaman jira abu ne da kusan kowane gida ya sani, musamman ma gidajen da 'ya'yansu suka tafi aikin soja ko neman kuɗi a wani gari.

Tsawon waƙar kimanin minti biyu da rabi ne. Gladys Horton ce ke ja da muryarta mai ɗan kaushi, sauran huɗun suna yi mata amshi, ga kuma tafi yana tafiya tare da ganga da fiyano.

Daga cikin makaɗan da suka yi aikin har da Marvin Gaye, wanda ya kaɗa ganguna. A lokacin bai yi suna ba, amma daga baya ya zama ɗaya daga cikin mashahuran mawaƙan Amurka.

An fitar da waƙar ne a kan ƙaramin faifan garmaho mai faɗin inci bakwai, wanda ke juyawa sau 45 a minti ɗaya, kowane gefe kuma waƙa ɗaya yake ɗauka. Irin wannan faifai ya fi babban faifai mai waƙoƙi da yawa araha, saboda haka matasa ne suka fi sayensa, kuma cinikinsa ne ke ɗaga waƙa ko ya sauke ta a jadawali.

Asalin kiɗan sol

Salon kiɗan da ake kira sol, wanda sunansa ke nufin rai ko ruhi a Turanci, ya samo asali ne a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka a shekarun 1950.

Ya haɗa abubuwa biyu. Na farko shi ne salon waƙoƙin majami'un baƙaƙen fata, inda jagora ke bayarwa jama'a na amsawa da tafi. Na biyu kuma shi ne kiɗan rawa da ake kira R&B, wanda ya tsiro daga tsofaffin waƙoƙin ƙunci da begen gida na baƙaƙen kudancin ƙasar.

Mawaƙa irin su Ray Charles da Sam Cooke su ne suka share fagen wannan salo, daga baya kuma Aretha Franklin da Otis Redding da James Brown suka yaɗa shi a duniya.

A daidai wannan lokaci ne kuma ƙungiyoyin 'yan mata mawaƙa suka soma tashe. A watan Janairu na 1961, The Shirelles daga jihar New Jersey suka zama ƙungiyar 'yan mata baƙar fata ta farko da ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙi ɗarin. Kafin shekarar ta ƙare, 'yan matan Inkster sun bi sahunsu.

Detroit da Inkster

Daga wajen shekarar 1910 zuwa 1970, baƙaƙen fata kimanin miliyan shida ne suka yi ƙaura daga jihohin kudancin Amurka zuwa biranen arewa da na yamma, suna gudun wariyar launin fata da talauci.

Da dama daga cikinsu sun yada zango a Detroit, cibiyar ƙera motoci, inda kamfanonin Ford da General Motors da Chrysler ke ɗaukar ma'aikata.

Inkster na yamma da Detroit. Baƙaƙen fata masu aiki a masana'antar Ford sun yi ta zama a garin ne saboda a wancan zamani ba a barinsu su zauna a garin Dearborn da ke maƙwabtaka, inda masana'antar take.

Shi kansa Berry Gordy ya taɓa yin aiki a wata masana'antar harhaɗa motoci ta Ford, bayan ya gwada dambe da sayar da faya-fayai. A watan Janairu na 1959 ya ranci dala 800 daga asusun danginsa ya kafa kamfanin Tamla, wanda a shekarar 1960 ya zama wani ɓangare na Motown. An ciro sunan ne daga laƙabin Detroit na birnin mota.

Hedikwatar kamfanin wani gida ne a kan titin West Grand Boulevard, wanda Gordy ya raɗa wa suna Hitsville U.S.A. A cikinsa aka gyara wani ƙaramin ɗaki ya zama wurin ɗaukar waƙa.

Burin Gordy shi ne ya sayar wa Amurkawa baki ɗaya waƙoƙin baƙaƙen fata, farare da baƙaƙe. A farkon 1961 ya kusa cimma wannan buri, yayin da waƙar Shop Around ta ƙungiyar The Miracles ta kai matsayi na biyu a jadawalin Billboard.

Daga gasar makaranta zuwa ɗakin ɗaukar waƙa

Gladys Horton ce ta haɗa ƙungiyar a shekarar 1960 daga cikin ƙawayenta na makarantar sakandaren Inkster. Sauran su ne Katherine Anderson da Georgeanna Tillman da Juanita Cowart da kuma Georgia Dobbins, wadda ta ɗan girme su.

Da farko sun kira kansu Casinyets, sunan barkwanci da suka ciro daga kalaman Turanci masu nufin "ba mu iya waƙa ba tukuna".

A shekarar 1961 makarantar ta shirya gasar nuna basira, inda aka yi alkawarin cewa waɗanda suka zo na ɗaya zuwa na uku za a kai su gwaji a Motown. 'Yan matan sun zo na huɗu. Wata malamarsu mai suna Shirley Sharpley ce ta tsaya kai da fata har aka amince su ma a tafi da su.

A Motown an yaba da muryoyinsu, amma aka ce su koma su zo da waƙar da ta zama tasu ta kansu.

Georgia Dobbins ta nemi wani makaɗin fiyano da ta sani a Inkster, William Garrett, wanda ke da wata waƙa da bai ƙarasa ba. Ta karɓi sunan waƙar, ta sake tsara baitoci da karin murya yadda za su dace da bakin 'yan mata.

Amma ita Georgia ba ta shiga cikin waɗanda suka rera waƙar a faifai ba. Mahaifinta bai yarda ta shiga harkar waƙa a gidajen rawa ba, ga shi kuma mahaifiyarta ba ta da lafiya. Saboda haka ta koya wa Gladys waƙar ta janye, aka ɗauko Wanda Young ta maye gurbinta.

A Motown, masu tsara waƙa biyu, Brian Holland da Robert Bateman, sun ƙara gyara ta. Wani abokin aikinsu mai suna Freddie Gorman, wanda a zahiri ma'aikacin gidan waya ne mai raba wasiƙu, shi ma ya sa hannu.

Gordy ya sauya wa ƙungiyar suna zuwa The Marvelettes, kuma a ranar 21 ga watan Agusta na 1961 aka fitar da faifan a ƙarƙashin tambarin Tamla.

Yadda jadawalin ke aiki

Billboard mujalla ce ta harkokin kiɗa da nishaɗi a Amurka. A ranar 4 ga watan Agusta na 1958 ta soma buga jadawalin da take kira Hot 100, wato jerin waƙoƙi ɗari da suka fi tashe a kowane mako.

A wancan lokaci ana haɗa jadawalin ne daga rahotannin da shagunan sayar da faya-fayai ke bayarwa game da cinikinsu, da kuma jerin waƙoƙin da gidajen rediyo suka fi sakawa.

Ban da wannan babban jadawali, akwai wani na daban da aka keɓe wa kiɗan baƙaƙen fata. Sunayen da ya riƙa ɗauka suna nuna yadda zamani ke sauyawa: a shekarun 1940 ana kiransa jadawalin faya-fayan launin fata, a 1949 ya koma R&B, a 1969 aka mai da shi jadawalin sol, sa'annan a 1982 ya zama na waƙoƙin baƙaƙe.

Bambancin jadawalan biyu yana da muhimmanci. Waƙar da ta yi fice a jadawalin R&B kawai, kasuwarta ba ta cika wuce unguwannin baƙaƙen fata da gidajen rediyonsu ba. Wadda ta tsallaka zuwa Hot 100 kuwa, ta shiga manyan gidajen rediyo da shagunan fararen fata, inda mafi yawan masu saye suke.

Ga ƙaramin kamfani kuma, matsayi na ɗaya yana da wani amfani. Dillalai kan jinkirta biyan ƙananan kamfanoni kuɗin faya-fayan da suka karɓa, amma kamfanin da ke da waƙa mai tashe yana da bakin magana, domin dillali na buƙatar faifansa na gaba.

Hanyar ƙidayar ta sauya daga baya. A shekarar 1991 aka soma amfani da kwamfuta wajen lissafa ciniki kai tsaye daga shaguna, kuma daga shekarun 2000 aka shigo da saye da saurare ta intanet cikin lissafin.

Hawa matsayi na ɗaya

Please Mr. Postman ta shiga jadawalin Hot 100 a watan Satumba na 1961, ta riƙa hawa sannu a hankali. Sai da ta shafe fiye da wata uku kafin ta kai ƙololuwa, abin da ba a cika gani ba a zamanin da waƙa kan tashi ta faɗi cikin 'yan makonni.

Waƙar da ta ture ita ce Big Bad John ta Jimmy Dean, wadda ta yi mako biyar a matsayi na ɗaya.

A jadawalin R&B kuwa, waƙar 'yan matan ta yi mako bakwai tana kan gaba. An sayar da faifan fiye da miliyan ɗaya.

Wannan ya faru ne a shekarar da masu fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata ke shiga motocin safa zuwa jihohin kudu domin ƙalubalantar dokokin wariya, ana dukansu ana tsare su. Sai a 1964 ne aka kafa dokar da ta haramta wariya a wuraren taruwar jama'a.

Wato a lokacin da muryar Gladys Horton ke tashi a gidajen fararen fata a duk faɗin Amurka, akwai otal-otal da gidajen abinci da dama a kudancin ƙasar da ba za a bar ta ta shiga ba.

Rayuwa a kan hanya

Nasarar ta zo da nata nauyin. Saboda yawan tafiye-tafiyen wasa, 'yan matan sun bar makaranta. Gladys marainiya ce da ta tashi a hannun masu riƙo, kuma da yake akasarinsu ba su kai shekarun sa hannu a kan yarjejeniya ba, 'yar'uwar Gordy, Esther Gordy Edwards, ita ce ke kula da su a lokacin tafiya.

A ƙarshen 1962 suna cikin ayarin mawaƙan Motown da ya zaga ƙasar a cikin motar safa, har da jihohin kudu. A can sun yi wasa a zaurukan da aka raba farare da baƙaƙe, kuma a birnin Birmingham na jihar Alabama an harbi motar ayarin.

Sun ci gaba da fitar da waƙoƙin da suka karɓu. Playboy ta kai matsayi na bakwai a 1962, Beechwood 4-5789 ta kai na 17 a wannan shekara, sai Don't Mess with Bill, wadda Smokey Robinson ya tsara kuma Wanda Young ta ja, ta kai na bakwai a 1966. Amma ba su sake hawa matsayi na ɗaya a Hot 100 ba.

Daga 1964 hankalin kamfanin ya karkata ga wata ƙungiyar 'yan mata ta Detroit, The Supremes, wadda Diana Ross ke ja. Waɗannan sun hau matsayi na ɗaya sau goma sha biyu a tsakanin 1964 da 1969, biyar daga ciki a jere.

Ƙungiyar Marvelettes kuwa ta riƙa raguwa. Juanita Cowart ce ta fara ficewa, sai Georgeanna Tillman a 1965 saboda rashin lafiya, ciki har da cutar sikila. Gladys Horton ta bar ƙungiyar a 1967, Ann Bogan ta maye gurbinta. Kafin Motown ya koma birnin Los Angeles a 1972, ƙungiyar ta riga ta watse.

Wa ya ci moriyar waƙar?

A dokar haƙƙin mallaka, waƙa ɗaya tana ɗauke da haƙƙi iri biyu. Akwai haƙƙin tsara baitoci da karin murya, wanda ke hannun marubuta da kamfanin da ke kula da rubutunsu. Akwai kuma haƙƙin muryar da aka naɗa a faifai, wanda galibi kamfanin faya-fayai ne ke riƙe da shi, yana ba mawaƙi wani ɗan kaso bayan ya cire kuɗin da ya kashe.

A Motown na wancan lokaci, kamfanin da ke kula da rubutun waƙoƙi shi ne Jobete, wanda shi ma mallakar Gordy ne a lokacin. Haka nan wani reshen kamfanin ne ke kula da tafiye-tafiyen mawaƙa da wasanninsu.

Ma'anar wannan ita ce, duk lokacin da wani mawaƙi ya sake rera Please Mr. Postman, kuɗin na tafiya ne ga marubuta da Jobete. 'Yan matan da suka fara rera ta ba su da rabo a wannan ɓangare. Georgia Dobbins, wadda ba ta rera waƙar a faifai tare da su ba, ita kaɗai ce a cikinsu da sunanta ke cikin marubuta.

Shi kansa jerin marubutan ya riƙa sauyawa daga wannan faifai zuwa wancan. A faifan farko babu sunan Freddie Gorman. Daga baya ne aka tsaya a kan mutum biyar: Dobbins da Garrett da Holland da Bateman da Gorman.

Taƙaddama a kan kuɗi ba baƙon abu ba ce a Motown. A 1964 Mary Wells ta bar kamfanin da ta cika shekara 21, bisa hujjar cewa tana ƙarama ta sa hannu a yarjejeniyarta. Brian Holland da ɗan'uwansa Eddie da Lamont Dozier, waɗanda suka tsara yawancin waƙoƙin The Supremes, su ma sun fice a ƙarshen shekarun 1960, aka yi ta shari'a. A 1988 Gordy ya sayar da Motown a kan dala miliyan 61.

Hatta sunan ƙungiyar sai da ya kuɓuce wa masu shi. Shekara da shekaru wasu mata da ba su da wata alaƙa da 'yan Inkster suna yawon wasa da sunan The Marvelettes. Katherine Anderson na cikin tsofaffin mawaƙan da suka yi fafutukar ganin an kafa dokokin hana irin wannan sojan gona, waɗanda jihohin Amurka fiye da talatin suka amince da su.

Waƙar da ta sauke Please Mr. Postman daga matsayi na ɗaya a ranar 18 ga Disamba na 1961 ita ma tana da irin wannan labari, kuma tushenta a Afirka yake. Ita ce The Lion Sleeps Tonight ta ƙungiyar The Tokens, wadda aka gina a kan waƙar Mbube da wani mawaƙin ƙabilar Zulu, Solomon Linda, ya naɗa a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu a 1939.

Linda ya sayar da haƙƙinsa a kan kuɗi ƙalilan, ya kuma rasu cikin talauci a 1962. Sai a 2006, bayan an shigar da ƙara, aka cimma yarjejeniyar biyan iyalinsa.

A bakin wasu mawaƙa

Waƙar ba ta tsaya a Amurka ba. Ƙungiyar The Beatles ta birnin Liverpool a Ingila ta rera ta a cikin kundinta na biyu, With the Beatles, wanda ya fito a watan Nuwamba na 1963, John Lennon yana ja. Wannan ya kai waƙar ga miliyoyin masu saurare a Turai.

A watan Janairu na 1975 kuma, The Carpenters, wato Richard da ƙanwarsa Karen, suka sake kai ta matsayi na ɗaya a jadawalin Hot 100. Ta haka ta shiga cikin 'yan tsirarun waƙoƙin da suka hau wannan matsayi sau biyu a bakin mawaƙa daban-daban.

Mai shirya fina-finai Martin Scorsese ya yi amfani da ita a fim ɗinsa Mean Streets na 1973. A 2017 ma wata ƙungiya mai suna Portugal. The Man ta ari karin muryarta a waƙar Feel It Still, wadda ta kai matsayi na huɗu.

Yadda abin yake a ƙasar Hausa

Tsarin jagora da 'yan amshi da tafi ba sabon abu ba ne ga Bahaushe. Shi ne tsarin waƙoƙin gaɗa da 'yan mata ke yi a dandali a garuruwa irin su Kankiya da Kusada, kuma shi ne na kiɗan amada, inda mata ke kaɗa ƙorai a gidajen biki da suna.

Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa a jihar Katsina, wadda ta rasu a watan Maris na 2013, ta yi shekaru da dama tana jagorantar ƙungiyar mata zalla. Waƙoƙinta a kan kishi da haihuwa da muhimmancin sana'a ga mace sun shiga lungu da saƙo na ƙasar Hausa.

Bambancin shi ne, a zamanin tashen Barmani da Alhaji Mamman Shata babu wani jadawali mai ƙidaya ciniki mako-mako. Ana gane waƙa ta karɓu ne daga yawan gayyatar biki, da yawan kaset a kasuwa, da kuma wasiƙun da masu saurare ke aikawa ta gidan waya zuwa shirye-shiryen gaishe-gaishe irin su Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna.

A wancan zamani, abin da mawaƙi ke samu ya fi fitowa daga liƙi da kyautar masu gida, domin kaset ɗin da ake kwafa a kasuwa ba safai kuɗinsa ke komawa ga mai waƙa ba.

A 'yan shekarun nan lamarin ya soma sauyawa. A 2020 aka fara jadawalin TurnTable a Nijeriya, wanda ke lissafa saurare ta intanet da rediyo da talabijin. A watan Maris na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar. A jadawalin Hot 100 kansa, mawaƙiya 'yar Nijeriya Tems ta hau matsayi na ɗaya a watan Mayu na 2022, a wata waƙa da ta yi tare da Future da Drake.

Ƙarshen mawaƙan

Georgeanna Tillman ta rasu a watan Janairu na 1980 ba ta kai shekara arba'in ba. Gladys Horton ta rasu a jihar Kalifoniya a watan Janairu na 2011, Georgia Dobbins a 2020, Wanda Young a watan Disamba na 2021, sai Katherine Anderson a watan Satumba na 2023.

Karramawa ta zo musu a makare. A 2004 aka shigar da ƙungiyar zauren tunawa da fitattun ƙungiyoyin mawaƙa na Amurka, kuma a 2011, shekara hamsin bayan fitowarta, hukumar da ke ba da kyautar Grammy ta sanya Please Mr. Postman a cikin jerin waƙoƙin tarihi.

Gidan da aka naɗi waƙar a Detroit ya zama gidan tarihi na Motown tun 1985, kuma Esther Gordy Edwards ce ta kafa shi.

Muhimman ranaku

1958 - Billboard ta soma buga jadawalin Hot 100.

1959 - Berry Gordy ya kafa kamfanin Tamla a Detroit.

1960 - Gladys Horton ta haɗa ƙungiyar a makarantar sakandaren Inkster.

21 ga Agusta, 1961 - An fitar da Please Mr. Postman.

11 ga Disamba, 1961 - Waƙar ta hau matsayi na ɗaya, karo na farko ga Motown.

1963 - The Beatles sun rera ta a Ingila.

1967 - Gladys Horton ta bar ƙungiyar.

1972 - Motown ya koma Los Angeles.

1975 - The Carpenters sun sake kai waƙar matsayi na ɗaya.

1988 - An sayar da Motown a kan dala miliyan 61.

2011 - Gladys Horton ta rasu, kuma an sanya waƙar a jerin waƙoƙin tarihi na Grammy.